Mai Kwalekwalen da Ya Ƙi Yi Mini Waƙa

Anacapri, 12 ga Oktoba

Yaya Assunta,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanwarki, da fatan takardar nan ta same ki lafiya can ƙetaren teku a Mar del Plata, ke da maigidanki da yara. Allah ya ba ki sauƙin ƙafar nan, ya ƙara miki ƙarfi. Mu nan lafiya lau. Kawu Catello yana nan yana faɗa da kowa, alamar da sauransa. 'Yarki Graziella da ta zo mana ziyara ta tashi ranar Talata, na san yanzu ta cika miki kunne da labari. Amma akwai wanda ba ta sani ba, shi ya sa na zauna rubutu maimakon in kira ki, don in na ji muryarki ba zan iya faɗa ba.

Kin san maganarmu ta tsaya a kan zan taso ƙarshen Nuwamba in koma wurinki gaba ɗaya. Shekara shida ke nan da rasuwar maigidana, na ajiye aikin gugar kaya da nake yi a otal, har na yi wa masu haya alkawarin makullin gidana. Ban ce na fasa ba. Ban dai san me na ce ba, bari ki ji.

Graziella ce ta nace sai na raka ta kogon nan na bakin teku da ake shiga da kwalekwale. Wai abin kunya ne mutane su taso tun daga Japan, ni kuwa shekara hamsin da bakwai a garin nan namu na saman dutse ban taɓa leƙawa ba. Na ce mata kogo na baƙi ne, mu namu wanke musu zanen gado. Ba ta saurare ni ba. Haka muka bi layi a matakala awa guda cur, ina tsakiyar masu hulunan rana kamar ba garinmu ba. Da layi ya zo kanmu, kwalekwalen wa zai matso in ba na Aniello ba, ɗan Nunzia mai burodi, wanda matarsa ta rasu bara waccan. Kin tuna shi ai, mutumin da ko kifi yake saye sai ya rera waƙa.

Ya sa muka kwanta rigingine, saboda tsayin bakin kogon ko ƙugu bai kai ba. Ni da ƙibar nan tawa, Yaya, kaina a cinyar wata Bajamushiya, sai haƙuri nake ba ta. Ya jira igiyar ruwa ta sauka, ya fizgi sarƙar da ke jikin dutse, sai ga mu ciki. Gaskiya ruwan ya ba ni mamaki, shuɗi ne shar kamar an kunna fitila a ƙarƙashinsa. Sauran kwalekwale huɗu duk matuƙansu suna ta zuba waƙa, kogon yana amsawa, kamar yadda suke yi wa kowane baƙo. Aniello kuwa tsit. Ya zaga da mu sau biyu, ko tari bai yi ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauka don ni 'yar gida ce, ya san ba zan miƙa masa ɗan ihsani ba. Muna fitowa na wanke shi tas a gaban abokan aikinsa, na ce ashe muryar tasa ma sai ta hango aljihun baƙo take fitowa. Suka kwashe da dariya, wani yana cewa a kawo wa tsoho ruwan lemun tsami, ya haɗiye harshensa. Aniello kuwa ya miƙo hannu ya taimaka mini na hau matakala, kunnuwansa sun yi ja wur.

Ranar Lahadi da aka tashi daga coci ya tare ni a bakin dandali, hularsa a hannu yana murza ta. Ya ce shekara talatin da biyar yana yi wa mutane waƙar nan, kuma duk wanda ya yi wa, minti biyar ne ya wuce, ba ya ƙara ganinsa har abada. Ya ce ya ji a gari wai zan ba da makulli in tafi, shi ya sa da ya buɗe baki a kogon abin ya ƙi fita, don ba ya so in shiga cikinsu. Kin san abin da na ce masa? Na ce na bar tukunya a kan wuta. Babu wata tukunya, Yaya! Na kama hanya da sauri har na wuce ƙofar gidana ban lura ba.

Tun ranar kaina ya ɗaure. Wannan neman aure ne, ko tausayi, ko kuwa tsufa ne ya fara taɓa mu duka biyu? Bai ƙara cewa komai ba, sai gaisuwa daga nesa. Ina kewarki, Allah ya sani, kuma na san kin kwashe kayan ɗinkinki daga ɗakin da kika ware don ni. Ina jin kunyarki, ina jin haushinsa, in na tuna abin da na faɗa masa a gaban mutane kuma sai in ji kamar in nutse. Jiya da safe na fita lambun da ke bayan gidana don in huce, na ɗauki fartanya. Sai da na gama kunya uku na miƙe ina duba aikina, sannan na ga abin da na yi. Tafarnuwa na shuka, Yaya. Ke ma kin san ba a tonon ta sai watan Yuni.

Ki gaishe mini da maigidanki Pasquale, da Graziella mai jawo magana, da ɗanki Tonino da amaryarsa. Ki yi mini addu'a, kuma in za ki yi faɗa ki yi shi a takarda. Gadon da kika ce za ki saya mini, ki ɗan dakata tukuna.

Ƙanwarki,
Titina