Muryar Kawu Mort

Burbank, Maris

Russell,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da matarka Gail da wannan mugun karen naku. Takarda na rubuto tunda ka ɗauki gaba da waya.

Nemi wuri ka zauna. Za a dawo da Shagon Wankin Mort. Katun ɗinmu na talabijin, shirin zanen nan na kada Kawu Mort, da aka kashe a tsakiyar zango, ko sallama ba a yi mana ba, wani kamfani ya saye shi. Shugabannin wurin yara ne da suka girma suna kallonmu. Ɗayansu ya riƙe hannuna yana cewa, "Noreen, na rantse miki, tsohon kadan nan mai shagon wanki shi ya raine ni, uwata kullum tana wurin aiki." Na ce, "Ai ga alama nan." Bai san zagi ba ne, ya yi ta dariya.

Ni zan sake jagorantar masu sa murya. Saura abu ɗaya, kuma kada ka yi min hauka. Sun ce shekaru sun ja, don haka kowa sai ya aiko da muryarsa an saurara, tsoho da sabo. Ka san ƙa'idata tun fil azal: babu suna a jikin faifai sai lamba, mu kashe fitila mu saurara, sai an zaɓa sannan a buɗe ambulan ɗin sunaye. Da haka na tsinto ka kana tallan katifa a rediyo. Cika sharaɗi ne kawai. Wa zai fi ka zama Kawu Mort?

Ka gaida gida.
Noreen

Toledo, Afrilu

Noreen,

Gaisuwarki ta iso. Gail tana gaishe ki. Karen ya mutu bara.

Wato in nemi aiki a cikin maƙogwarona ke nan. Kin fi kowa sanin cewa muryata ake fara ɗauka, masu zane su bi ta da fensir. Sai da suka ji ni suka san yadda bakin Mort zai buɗe. Muryar ma ta ubana ce, yadda yake zagin injin wanki idan ya cinye masa safa. Yanzu jikokin cikina za su zauna a duhu su ba ni maki.

Ba gaba nake yi da waya ba. An yi min aiki a maƙogwaro, sun cire wani tsiro, ba wanda ya sani sai Gail. Murya ta dawo, amma kamar ƙofar gareji mai tsatsa. A taron masoya katun na Cleveland wani ƙato mai furfura ya turo min ɗansa yana cewa, "Yi masa Mort, don Allah, ko sau ɗaya!" Na ce mura nake yi. Na sa masa hannu a hoto, na shiga banɗaki na zauna.

Tsoro nake ji, ban ɓoye miki ba. Idan ba ni ne Mort ba, tsoho ne kawai mai kwashe ƙanƙara a ƙofar gidansa. Duk da haka na shiga ɗakin kaya, na lulluɓa da barguna, na ɗauki muryata. Faifan yana hanya. Kada ki yi min alfarma, in kin yi ba zan yafe miki ba. Kunnenki ya san ni.

Naki,
Russ

Burbank, Mayu

Russell,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu da jiki. Na ji zafin ɓoye min da ka yi, amma yau ba ni da bakin faɗa.

Mun saurara. Ana cikin haka aka saka wani faifai, tun kalmar farko na miƙe tsaye a cikin duhu, hawaye na zuba. Na ce, "Ku tsaya, an gama! Ga Russ nan, likitoci ba su taɓa shi ba!" Duk ɗakin aka tafa. Muka sa hannu, aka buɗe ambulan.

Ba kai ba ne. Sunansa Devin Nakagawa, matashi ne mai raba kaya a mota, yana kwaikwayonka a intanet tun yana makaranta.

Naka faifan ya riga ya wuce ban sani ba. Gara ka ji daga bakina abin da na faɗa a kansa, don wani zai kawo maka. Na ce, "Wannan bawan Allah ƙoƙari yake, amma bai san Mort ba." Na roƙi kamfani a sake zama. Yaron nan da ya ce Mort ne ya raine shi ya dube ni ya ce, "Ai ƙa'idarki ce, Noreen." Kunya ta hana ni barci, kuma abin da ya fi ci min rai shi ne na sake sauraren faifan biyu da fitila a kunne, ra'ayina bai canza ba.

Abu ɗaya Devin ya kasa, dariyar Mort. Suna so ka zo ka koya masa, su sa sunanka a ƙarshen shiri. Ba ni da ikon roƙonka, amma ina roƙo.

Ka yafe min in za ka iya.
Noreen

Toledo, Yuni

Noreen,

Ina gaishe ki. Babu abin yafewa.

Gail ta nemo min bidiyon yaron a wayarta. Ina kicin ta kunna, sai na ji muryar ubana a falo.

Kada ku aiko da tikitin jirgi. Ki gaya wa Devin dariyar ba waje ake tura ta ba, ciki ake jan ta, haƙora a datse. Na so in ɗaukar masa a faifai ya ji da kunnensa. Tun safe nake gwadawa, ba ta fito ba.

Ki huta lafiya.
Russell Dombrowski