Wanda Zai Amsa Wa Mai Agogo

Da sunan Allah nake farawa. Ni ne mahaifinku, kuma da hankalina nake wannan rubutu, ko da yake duk wanda ya ga abin da na yi a sito watan jiya zai nemi shaidu. In kun ga layi ya karkace, ku tuna a aji huɗu na tsaya, kuma a kwance nake.

Ga wanda ba ya nan ranar: kamfanin ƙasar waje da ke sayen riɗinmu ya aiko wata yarinya ta duba sito. Sa'ar Auta ce. Ta dube ni da furfurata, gaban leburorina, ta ce ba a hawa tulin buhuna sai da tsani da hular kwano. Ko Baba ba ta sa a gaban maganar ba. Na ce tun tana rarrafe nake hawan tulin nan, na kuwa hau. Hawan na yi shi da kyau, saukowar ce ba a yi shawara da ni ba. Ƙugu ya karye, likita ya leƙa ciki ya tarar da abin da ya fi ƙugu. Abin haushi, yarinyar nan ce ta riƙe kaina tana hawaye har mota ta zo. Wallahi na gaji da ƙoƙarin gane mutanen nan.

Na ɗaya. Rabon gado ba aikina ba ne, malamai za su yi shi yadda Allah ya tsara. Roƙona kawai kar a sayar da sito da injin tankaɗe. Gidaje da yawa daga ƙurar injin nan suke ɗora tukunya. Amma injin ba ya juyawa sai Mai Agogo, mai kamfanin nan, ya saya, yarjejeniyarmu da shi kuma za ta ƙare da kakar bana, har yau bai sa hannu a sabuwa ba. In ya tafi, an gama.

Kun san dalilin da na raɗa wa mai kamfanin wannan suna: ban gama tambayarsa iyali ba ya fara duba tsintsiyar hannunsa. Zuwana na farko ofishinsa na kai masa darduma mai tsada, ya mayar mini da ita cikin ledarta, wai dokar kamfani ta hana. Na koma masauki kamar an watsa mini ruwan wanki. To mutumin da ya ƙi dardumata bai taɓa jinkirta mana hakkinmu ba. Waɗanda suka karɓa da hannu biyu suna sa mini albarka, wasunsu har yau gobe suke cewa.

Na biyu. Kai Babba, ke Uwata, gabar nan ta isa. Tun bara gaisuwarku sai ta bakin Auta, kamar masu shari'a. A lokacin ne ruwa ya cinye hanya, kaya ba za su kai tashar jirgi ba. Babba ya ce wa Mai Agogo mako mai zuwa in Allah ya yarda. Uwata ta zauna gaban kwamfuta ta rubuta masa sai bayan wata. Kai ka ce ta kwance wa yayanta zani a kasuwa, ke kin ce yayanki maƙaryaci ne. Ke Uwata, ja bakinki. A wurinmu ba a danƙara wa mutum a'a ido da ido, wanda aka ce wa mako mai zuwa ya san haƙuri aka ba shi. Kai kuma Babba, mutumin can ɗaukar makonka ya yi ya kama wuri a jirgi, ya yi wa masu masana'anta alkawari da shi. Maganar da ka tausasa don ka girmama shi, ita ce ta zubar masa da girma a garinsu. Ban zarge ka ba, a gindina ka koya. Ni ne jakin gaba.

Na uku. Manoma da dillalai na Babba ne, kowa ya cire hannunsa. Shi ya san wanda aka yi wa haihuwa da wanda rufinsa ya faɗi. Uwata, kin manta lokacin da kika aika wa manoma farashi ta waya, lamba tsirara ba sallama? Sun sayar wa wani da araha don kawai ya zauna a tabarmarsu ya sha ruwa. Halin Mai Agogo ba ya sayen ko mudu ɗaya a ƙauye.

Na huɗu. Auta, kai da ka karanta kasuwanci kake zana mini ƙasashe a allo, wai waɗannan haka suke, waɗancan haka suke. Na gode. Ina allonka lokacin da wasu baƙi daga wata ƙasar suka zo, masu murmushi da sunkuyar da kai, suka yabi riɗinmu, suka ce za su yi nazari? Na ƙara leburori, na share rabin sito ina jira. Ashe a'a suka ce. An yi mini abin da nake yi wa mutane tun ina saurayi, ban gane shi ba saboda an yi shi cikin kwat. Karanta littafinka, amma in baƙo ya yi magana, tambaye shi abin da yake nufi, ko da za a ce kai baƙauye ne. Sannan ka sayo tsanin nan.

Na biyar. Mahaifiyarku ta jure ni, wannan kaɗai ya isa ku ɗauke ta a ka. Kar in ji an kai mata ƙarar juna. Ku ci abinci a gidanta tare, ko da ba ku magana. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku, ya sa ku fi ubanku hankali, abin da ba zai yi wuya ba.

Saura bashi guda, ba na kuɗi ba. Mai Agogo ya kira ni a asibiti. Ya yi mini sannu a taƙaice, sannan ya tambayi wa zai riƙa amsa masa bayana, suna ɗaya yake so kafin ya sa hannu. Ka ji mutum, mara lafiya yake tambaya wa zai gaje shi! Na yi dariya, na ce 'ya'yana duk ɗaya ne, Allah ya ba mu tsawon rai. Ya ce zai jira. Yana nan yana jira, kaka kuma ba ta jira.

Amsar ita ce Uwata. Ita ce ke jin yarensu, ba na baki kaɗai ba. Babba, kai ne babba, saboda haka kai za ka biya mini wannan bashin: ka kira shi da kanka, ka faɗi sunan ƙanwarka da bakinka, ba kwana ba kewaye. Na san da ciwo. Kullum kana zaune a bakin gadon nan kana gyara mini matashi, kullum ina buɗe baki in faɗa maka sai in tambaye ka farashin buhu. Da zan iya dubanka in faɗa, da ban nemi biro ba.