Na Ɗauko Daga Dama

Sumaiya,

Na wuce Gyallesu kafin ki tashi, don kunyar haɗa ido da ke nake ji.

Littattafanki biyar na labarin sarakunan Sin na dā, da kika jera a kanta, daga dama na ɗauko, yadda na saba da littattafan zaure. Ashe na ƙarshe na fara karantawa. Shi ya sa jiya wajen cin tuwo na yi ta jimamin mutuwar sarkin yaƙin nan, ke kuwa kina na biyu, har kika ce kin fasa.

Ki yi haƙuri, da furfurata na shiga boko. Don Allah ki ci gaba. Wanda ya kashe shi ban faɗa ba, kuma ba wanda kike zato ba ne.

Na tafi da na hagu.

Kawunki