Ramar da na ƙi jiƙawa

Salamu alaikum admin, don Allah a ɓoye sunana. Jama'a kar ku zage ni, ni kaina ƙyamar kaina nake ji.

Ni ɗan Daura ne, tun aji uku na sakandare na watsar da boko, yau acaba, gobe dako a Kongolam. Yayana kuwa injiniya yake karanta a Kano. Aikinsa na gama makaranta shi ne haɗa zaren rama da wani danƙo mai daskarewa, kwamfuta ta lissafa nauyin da abin zai ɗauka kafin ya karye. Ya ce in riƙa jiƙa masa rama a kududdufi, in tsefe zaren, in zuba danƙon ya zama alluna, in ba direba ya kai masa. Can wani ne ke karya su a inji ya miƙo masa lambobi, shi ko ɓaraguzan ba ya gani.

Kun taɓa shaƙar ramar da ta ruɓe a ruwa? Wallahi gara mushe. Ga yauƙi, ga tsutsa, hannuna na wari har a sahun salla mutane na matsawa. Sau ɗaya na yi na ce ba da ni ba. Na je wurin masu gyaran bambar mota na karɓo zaren gilashin da suke liƙi da shi, na shimfiɗa a tsakiya, na lulluɓe da 'yar ragowar ramar sama da ƙasa.

Alluna suka ƙi karyewa inda kwamfuta ta ce. Ya kira ni, "Kai, ramar gonarmu ce wannan kuwa?" Na ce, "Ita ce mana, Yaya." Bawan Allah ya yi ta gyara lissafinsa har ya dace da ƙaryata.

To ga inda abin ya kai. Ciwon suga ya sa an yanke wa Babanmu ƙafa. Yaya ya dawo zai haɗa masa wata, da rama zalla wadda ya jiƙa da hannunsa, kuma kwamfutar ta ce ko siririya za ta ɗauke shi. Jiya Baba ya dafa ni yana dariya, "Ashe ja'irin nan yana da rana! Da ƙafarku zan je Juma'a." Wane irin ɗa ne ni?

In na faɗa, karatun Yaya ya rushe. In na yi shiru, tsoho zai taka ta karye da shi. An riga an auna dungun. Me zan yi?