Tabaran da Ka Bari Cikin Akwati

Barmu, ran Jumma'a

Zuwa ga maigida, a Abijan. Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ina zaman baƙunta? Inna tana gaishe ka, Muktari ya hwara rarrahe. Salamatu matar mushen lakwal, malamin makarantar boko, ka rubuta mini, ni ina hwaɗi.

Shekaranjiya Laraba da hantsi wata ya kama rana. Maza sunka tahi masallaci, mu munka taru tsakar gida. Inna tana bugun ƙwarya tana salati, yara suna bugun gwangwani. Haske ya koma kamar ruwan toka, sanyi ya taso, kaji sunka nuhi akurki. Ni cikin ruwan kwano na duba, Muktari yana goye.

Yarinyar nan ta Inna tana ɗan ciwon ido tun jiya. Inna ta sa mata kwalli. Kada ka damu.

Ina tambaya: baƙin tabaran nan da ka bari cikin akwati, mai kyau ne? Ina ka saye shi?

Taka, Raƙiya

Barmu, bayan kwana tara

Zuwa ga maigida. Ina gaishe ka, Allah shi sa kana lahiya. Ni ba ni lahiya. Na ce ma Salamatu ta rubuta duk abin da ya hito bakina, ko na yi kuka kada ta tsaya.

Cikin waccan takarda na ɓoye maka gaskiya. Ba ciwon ido ba ne. Yarinyar tana cewa akwai baƙin abu tsakiyar komi. In na miƙa mata hura sai ta karkata kai kamar kaza kahin ta kama ludayi. Jiya ta tsaya gabana tana tambaya wane ne, sai da na yi magana. Inna ta ce iska ce ta bi duhun ranar nan, ta amso rubutu, an yi hayaƙi. Ni na san ba iska ba ce. Ni ce.

Radiyo ya ce kada kowa shi dubi rana sai da tabarau. Haka na ji, wallahi haka na ji. Ɗiyan gida bakwai ne, tabarau guda. Ka san ɗiyar hwari ce, shekara biyar ban kira sunanta ba, ban ɗauke ta bisa cinya gaban mutane ba, ko tuwo sai Inna ta ba ta. Ranar nan kowa idonshi na sama, ba mai kallona. Na ce yau ɗai in yi mata abin da ban yi ma kowa ba. Na jawo ta bayan rumbu, na sa mata tabaranka, na ɗaure da bakin kallabina don kada shi hwaɗi. Na ce ta duba yadda take so, na babanta ne.

Sauran yara da sun ɗaga kai sai hawaye, su sunkuya. Ita ba ta sunkuya ba. Tun da anka kama rana har anka sake ta tana kallo, tana dariya, tana ce mini rana ta zama lauje. Na ji daɗi, maigida. Ranar nan na ji daɗi ƙwarai.

Inna ba ta sani ba har yanzu. Ka ce mini wani abu, ko zagi ne.

Raƙiya

Tawa, ran Litinin

Zuwa ga maigida. Gaisuwa. Ba mu ga amsarka ba. Garba direba ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu.

Na hwaɗa ma Inna. Ba ta buge ni ba, da ma ta buga. Ta aje taɓarya ta shiga ɗaki, da sahe ta ce mu shirya. Salamatu ta rako mu asibitin Tawa don ita ka jin Faransanci.

Lokotoron ido ya haska mata hitila, ya karɓi tabaran ya juya shi, ya ce wannan na ƙura ne da ado, ba shi radiyo ke nuhi ba. Ya ce shi ya hana ta jin zahi, shi ya sa ba ta kau da ido ba. Rana ta ƙone tsakiyar ganinta, duka biyu. Na ce a ba mu magani, ya ce babu. Na ce a yi aiki, ya ce ba wurin da wuƙa ke kai ba ne. Wasu yana raguwa cikin wata shida, wasu ba ya raguwa. Na ce ita fa? Ya dubi takarda, bai dube ni ba.

Da anka tambayi sunanta, Inna ta buɗe baki, na riga ta. Na ce Zuhura, gaban Inna, gaban kowa. Yarinyar ta juyo tana neman wadda ta kira ta, ba ta san sunanta da muryata ba.

Tabaran ta ƙi saki. Da shi take kwana, wai na Baba ne, in ka zo za ta nuna maka yadda anka yi. Na kasa amshewa.

Ko ba ka yahe mini ba, ka zo don ita. Kullum tana zaune ƙohwar gida tana sauraren mota. Abu guda nike roƙo. In ka sauka, kada ka tsaya gabanta ka yi shiru kana jira ta sheƙo, kamar yadda kuka saba. Ba za ta sheƙo ba, kuma za ta san dalili. Ka biyo ta gehe, wajen hannun hagu, nan ta hi gani. Ka yi sallama tun daga nesa.

Allah shi kawo ka lahiya.

Uwar Zuhura