Ban Sayar da 'Yar Toka Ba, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Mai Tarakta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan kana cikin ni'ima a makwancinka, ni ne Salisu, babban ɗanka, nake rubuto maka daga unguwarmu Nima, a nan Ankara, babban birnin Gana. Damina huɗu ke nan da muka kai ka. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma maganar ta tsaya mini a wuya, kuma duk wanda zan gaya wa a unguwar nan ya riga ya gani da idonsa.

Maganar 'Yar Toka ce, ƙaramar taraktar da ka bar mana, ni da ƙanena Tanko.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita, shekara biyu kafin Bature ya sauka daga mulki? Tsohuwa ka saye ta a wata gona, ka haɗa mata amalanken katako da hannunka. Da ita muka ci abinci. Buhuna daga Tudu, gangunan ruwa daga Kokomlemle, yashi da bulo har cikin lungunan da mota ba ta ko leƙawa. Amma ka kafa mana doka: in an yi rasuwa a Nima ko Maamobi, aiki ya tsaya. A sauke kaya ko na wane ne, a wanke amalanke sau uku da sabulu, a shimfiɗa sabuwar tabarma, a ɗora makara. Kakan ce, "Mutum ya gama tafiyarsa a ƙasa, wannan ta ƙarshe ku kai shi da tsabta." Ba ka taɓa yarda an ba ka ko goro a kai ba.

Ba zan ɓoye maka ba, 'Yar Toka ta tsufa. Da safe sai an tura ta, tana tari, hayaƙi ya cika tsakar gida, matata na zaginta a ciki-ciki. Giya ta biyu ta daina shiga tun bara. Da Tanko ya ja ni wani fili kusa da Tudu ya nuna mini sabuwar da aka shigo da ita, ja wur, mai fitilu, mai tashi da murɗa makulli sau ɗaya, na hau na zauna a kai. Wallahi Baba, raina ya biya. Dillalin ya ce za su karɓi tsohuwar a musaya, kuma wani ɗan kwangila zai ba mu aiki na kullum. Na tambayi Tanko wane irin aiki, ya ce kwasar kayan gari. Ban ƙara tambaya ba, laifina ke nan.

A makon da muka yi maganar zazzaɓi ya kwantar da ni. Tanko ya riƙa fita da 'Yar Toka, wai yana nuna wa ɗan kwangilar ƙwazonmu.

Ranar da na fara miƙewa aka aiko Iya Zainabu ta rasu. Ka san ta, mai koko ta bakin masallaci, wadda ta shayar da Tanko wata bakwai lokacin da Inna ta kwanta ciwo. Tanko ya tuƙa, ni na bi a ƙasa cikin jama'a. Tun kafin mu haye babbar kwata na ji wari. Na ɗauka kwatar ce. Muka wuce ta, warin yana tare da mu. Ƙudaje suka yi baƙi a kan makara. Dattawa suka riƙa kai hannun riga hanci kamar masu share gumi.

A maƙabarta, da aka ɗaga makarar, tabarma ta zame. Baba, na ga abin da ke maƙale a tsakanin katakon da ka jera. Bokitan bayan gida Tanko ya kwana shida yana kwasa. Da aka kira shi jana'iza, ya watsa ruwa garwa ɗaya, ya rufe da tabarma. Matan unguwa sun wanke baiwar Allah nan, sun turara ta, sun naɗe ta fes, mu kuma muka miƙa ta ga kabari da ƙazanta a gefen likkafani. Ɗanta ya yage wurin da haƙoransa, ya dube ni sau ɗaya. Na koma bayan wata bishiya na yi amai.

Ba aikin nake ƙyama ba. Mutanen da ke ɗaukar bokitan nan a ka suna cin halaliyarsu, ba don su ba da cuta ta gama da mu. Abin da ya tayar mini da zuciya shi ne amsar ɗanka Tanko. Da na tare shi a zaure, ya ɗaga kafaɗa ya ce da irin Hausarsa ta 'yan Ankara, "Yaya, gawa ba shi jin wari." Matar da ya sha nononta yake faɗa wa haka.

Takardar musayar ba ta tafiya sai mu biyu mun dangwala mata yatsa, tunda mu biyu ka bar wa. Na zauna na auna, don kada ka ce fushi ne ya yanke mini. Sabuwar ta fi ƙarfi, ta fi sauri, kuma ita 'Yar Toka ba ni da tabbacin za ta ga wata damina. Amma sabuwar ta ɗan kwangila ce kwana bakwai a mako, ba ruwansa da wa ya mutu, kuma faɗinta ba zai shiga lungun masallaci ba. Tanko ya ce in ban dangwala ba, ba ni ba shi.

Ban dangwala ba. Na ɓamɓare katakon nan ɗaya bayan ɗaya na ƙone, na sa kafinta ya jera sabo. Ka yafe mini, aikin hannunka ne. Tanko ya kwashe iyalinsa ya koma Kawukudi, yana tuƙa wa ɗan kwangilar wata jar. Ranar Juma'a mun haɗu, ya kau da kai. Ina ƙyamar abin da ya yi, kuma ina kewarsa, duka biyun suna nan a ƙirjina.

Shekaranjiya aka yi rasuwa a Maamobi. Da na ji, na wanke amalanke sau uku, na shimfiɗa tabarma, muka tura 'Yar Toka ta tashi, na zauna a kai ina jiran aike. Ba a aiko ba. Can sai ga su ta ƙofar gidanmu, ana yayyafi, makara a kafaɗa, taɓo har ƙauri. Babu wanda ya dubi inda nake. Na kashe injin, na sauko, na bi su. Mun yi nisa kafin wani dattijo ya matsa ya ba ni gefen makara.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka. Allah Ya jiƙan Iya Zainabu, Ya sa ta yafe mana. Allah Ya shiryi Tanko, Ya dawo mini da shi.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Salisu