Hoton da Ya Tara wa Kaka Dela Masu Ta'aziyya

Assalamu alaikum Hajiya Halima Sa'adiya. Ki taimake ni da shawara kafin ranar Litinin, don na rasa ko kuka ya kamata in yi ko dariya, kuma dariyar ce ke rinjaye.

Ni malamin kimiyya ne a wata sakandare ta wajen Kaoje, ƙaramar hukumar Bagudo. Mutumin Misau ne, shekarata tara a nan. Sau biyu nake ganin iyalina a shekara, ƙaramin ɗana har yau ɓuya yake bayan uwarsa in na shigo. Na nemi aiki kusa da gida har na gaji. Mutanen nan ba su taɓa cuta ta ba, gaskiya, amma baƙo baƙo ne.

Marigayi mahaifina mai hoto ne. Bana, don in nuna wa 'yan aji biyar yadda haske ke tafiya, na sa suka huda gwangwanin madara da allura, muka sa takardar hoto a ciki, muka toshe tagar sito da barguna ya zama ɗakin wankin hoto. Hajiya, ranar da fuska ta fara fitowa a farar takarda cikin ruwan magani, yara goma sha bakwai suka kaure da ihu. Ni da na manta rabona da dariya a aji, sai ga ni ina tsalle da su. Yaran da ke ɓacewa lokacin dashen shinkafa yanzu rigana zuwa suke yi.

To ga matsalar. Hoton gwangwani sai mutum ya zauna cik wajen minti biyu. Wata ɗalibata, Fadimatu, ta zaunar da kakarta Dela jikin bango, tsohuwa ta yi gyangyaɗi. Hoto ya fito baƙi da fari, ido a rufe, ga farin mayafi, kyau kamar me. Yarinya ta ɗauke shi da waya ta ɗora a sitatus, ba ta rubuta komai ba. Nan kuwa ba a sa hoton mutum baƙi da fari sai ya rasu. Kafin la'asar dangin tsohuwar na tsallaken iyaka, cikin Benin, sun iso a babura goma sha ɗaya, mata na kuka tun daga bakin gari. Suka tarar da mamaciya a zaune tana gyaran kifi. Wata ta faɗi zaune, wani ya gudu ya bar takalminsa.

Kaka Dela ta ce ba mai komawa sai ya ci tuwo. Ta lura da waɗanda suka zo, waɗanda ba su zo ba kuma ta aika musu cewa ta gani. Ƙanenta da suka shekara shida ba sa ga-maciji kan wata gona shi ya fi kowa kuka, har yanzu yana gidan. Ta aiko min da busasshen kifi, wai in zo in ɗauke ta da ido buɗe.

Amma ɗanta Malam Arzika, uban Fadimatu, yana can garin Bahindi aka buga masa waya ana masa ta'aziyya. Ya ce na yi wa uwarsa fatan mutuwa, ya kai ƙara. Shugaban makaranta ya ce ranar Litinin, a taron iyaye, za a yanke ko a rufe ɗakin. Ban ga laifinsu ba, da uwata ce ni ma zan hau. Sai dai in aka rufe, ban san abin da zai riƙa tashina da safe a garin nan ba. In ba da haƙuri alhali ban yi komai ba? Kuma yaya zan ba da shi ina dariya?

Naki, Baƙon Kaoje.

Wa alaikumus salam, Malam. Ni ma na dara, amma ni ba uwata aka yi wa kuka tana raye ba. Ka auna tafiyar da Malam Arzika ya yi daga Bahindi zuwa gida yana zaton ya zama maraya, dariyar za ta lafa.

Ba ka yi mugun nufi ba, amma kada ka ce ba ka yi komai ba. Shekararka tara a garin, ka san al'adar. Ka koya wa yara ɗaukar hoto, ba ka koya musu inda ake sa shi ba.

Kada ka jira Litinin. Ka ɗauki dattijo ɗaya ka same shi a gida, ka ba shi haƙuri ba tare da "amma" ba, ka roƙa wa Fadimatu afuwa. A taron ka zo da doka: hoto ba ya fita sai da yardar mai shi, da rubutu a ƙasa. Sannan ka roƙi Malam Arzika ya zauna gaban gwangwanin minti biyu, 'yarsa ta wanke hoton yana kallo. Wanda ya ga fuskarsa ta fito a hannun 'yarsa, da wuya ya rufe ɗakin. Kaka Dela kuwa ka amsa kiranta, kifinta ka ci.

Kai ma ka zauna yara su ɗauke ka, ka aika wa ƙaramin ɗanka ya saba da fuskarka. Amma don Allah ka fara kiran uwarsa a waya, kada Misau ta taso Kaoje. Allah Ya daidaita, Ya haɗa ka da iyalinka cikin alheri.